Wai Wuta Ba Ta Zama a Ƙasa?

Ku matso kusa, ku masu taɓe baki. Ban ma fara ba na ga kawuna suna kaɗawa, don kun ji an ce yau zancen binne wayar lantarki a gona za a yi. Alhajin da ke da lambu a hanyar Pitoa har ya gyara hula zai miƙe, wai shi bai zo jin tatsuniya ba. Zauna, Alhaji. Mu nan Poumpoumré ba mu korar baƙo don ya zo da gardama, ƙara masa muke yi ya tafi da guzuri.

Na san yadda kuke yi, ai ba a ɓoye yake ba, a sama kuka rataya shi kowa na kallo. Mita tana ɗakin maigadi a bakin hanya, rijiya kuma tana can ƙuryar gona. Sai a samo waya irin ta cikin ɗaki, a ɗaura ta a reshen darbejiya, daga nan ta hau gora, daga gora ta faɗa kan wani itace da aka kafa jiya, ta yi lilo a saman hanyar shanu, ta isa wurin famfo da haɗi bakwai, kowanne an naɗe shi da salatif, na ƙarshen kuma da ledar burodi. Wannan ce wayar da kuka amince da ita. Wadda za a shimfiɗa a kan yashi cikin bututu, a rufe, a yi mata alama, ita ce kuke cewa ganganci. Dalilinku ɗaya ne ko da kun yi masa riguna goma: ta sama kuna ganinta, ta ƙasa ba ku gani.

To ganin me ya amfana muku? Rana ta Garwa a watan Maris da Afrilu tana wuce digiri 40, kuma robar wayar cikin ɗaki ba a yi ta don zaman rana ba. Ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage, kuna kallo. Iskar farkon damina ta taso ta karya reshen, kuna kallo. Amalanke ya ɗauko kara ya yi tozo, ko motar auduga ta shigo kwasar kaya, ta ja wayar da gorar gaba ɗaya. Mai kiwo ya cinna wa ciyawa wuta a kaka, turken itacen ya ci daga gindi. Ko turakun kamfani, waɗanda ake sarowa daga itacen turare na yammacin ƙasar nan a jiƙa su da magani a Bafoussam, kun sha ganin yadda gara da wutar daji suke kwantar da su, balle naku da bai taɓa shaƙar magani ba. Ranar da wayar ta faɗo cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da asuba, yaron da ya fito da awaki ne zai fara sanin ta faɗo, kuma a nan babu abin dariya.

Kawu na can gefe yana cewa wannan bidi'ar Turawa ce ta jiya-jiya. Kawu, ta girmi kakanka. Ranar 4 ga Satumba 1882 Thomas Edison ya kunna tasharsa ta titin Pearl a birnin New York, kuma wayoyinta a ƙarƙashin titi suka bi, cikin bututun ƙarfe da aka ɗura wa kwalta. Sauran kamfanoni suka yi irin taurin kanku, suka ci gaba da rataye nasu a sama, har guguwar ƙanƙara ta Maris 1888 ta zubar da su a tituna. Da Hugh Grant ya zama magajin garin a 1889, gatari ya sa aka ɗauko aka bi turakun. Faransa da Denmark ma sai da guguwar Disamba 1999 ta yi musu ɓarna suka ƙara ƙaimi wajen binnewa. Mu bar Turai. Man Chadi da ke tashi daga Doba zuwa Kribi, kilomita 1,070, tun 2003 a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya. Wayar intanet da Camtel ta shimfiɗa a gefen manyan hanyoyi a binne take, ita ce ke kawo muku hotunan da kuke turawa juna a WhatsApp har tsakar dare. Ban ji wanda ya ce zai daina kallon waya don saƙon ta cikin ƙasa ya biyo ba.

Yanzu ga masu hujja ta gaske, don a cikinku akwai su. Malama ta ce ruwa fa? Wuta da ruwa ai ba su ga maciji. Gaskiyarki, Malama, in wayar cikin ɗaki aka tura rami. Amma wayar binnewa daban take. Masu aikin wuta a nan suna kiranta da lambarta ta Faransa, U1000 R2V, baƙa mai riga biyu, wadda ake zurawa cikin jan bututun roba. Akwai kuma yayarta mai sulken ƙarfe, RVFV, wadda ake iya kwantarwa a ƙasa ko babu bututu. Bututun nan, ku sani, ko ba jima ko ba daɗe ruwa zai shige shi, kuma wannan bai dami lafiyayyar waya ba. Abin da ke kashe ta haɗi ne, da ƙujewar da ta samu wajen ja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka a auna tsawon, a ƙara kaɗan, a sayo ta guda ba yanki-yanki ba. In haɗin ya zama dole, a fito da shi sama cikin akwati, ko a yi shi da kwanson da ake ɗura wa ƙaro ya daskare. Wanda ya naɗa salatif ya tura ƙasa, ya sa ranar da zai dawo da diga.

Gara kuma, e, tana cin robar waya, ba zan kare ta ba. Gafiya ma haka. Shi ya sa ake bututu ko sulke, shi ya sa ake toshe bakin bututun a kowane gefe don kada ya zama gidan hayar ɓera, shi ya sa kuma mai hankali ke kauce wa suri da rubabben kututture ko da hanyar za ta ƙara tsawo. Abin da ban gane ba shi ne, gara ɗin nan da kuke tsoro a ƙasa, wace ce take cinye muku turaku a sama? Ko waccan ta wani gari ce?

Bari in zo kan abin da ya fi komai, wanda ba ku tambaya ba saboda ba ku san yana cin aljihunku ba. Kauri. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa ya san in ka saki ruwa a doguwar siririyar hanya, abin da zai isa fangalin ƙarshe bai kai abin da ya baro rijiya ba. Wuta ma haka take, tana zubewa a hanya, kuma gwargwadon tsawon waya da sirantarta gwargwadon abin da za ta zubar. Alhaji, ɗauko biro. A ce daga mita zuwa rijiyarka tafiyar mita 200 ce. Wuta zuwa take ta dawo, wato mita 400 na jan ƙarfe. A ce famfonka yana jan amfiya 10. Da wayar nan mai kaurin 2.5 da ka fi so saboda araha, kusan bolt 36 ne za su salwanta a hanya. Abin da ya baro mita yana 220 zai isa rijiya yana 184. Wannan fa in ya baro da 220 ɗin ke nan. Da magariba, lokacin da kowace fanka da firji na unguwa suke aiki, in wutar ta iso maka a 200, famfo zai samu 164 ya yi ta gurnani. Ka tuna kuma inji yakan ja ninki biyar ko fiye na abincinsa a lokacin tashi. Sai ya yi zafi, naɗin cikinsa ya ƙone, ka ɗauka a babur ka kai wa mai naɗi, kana zagin kamfanin da ya ƙera shi da ɗan kasuwar da ya sayar maka. Bayin Allah ba su ci ba ba su sha ba.

Ƙa'idar Faransa da masu aikin wuta na ƙasar nan suke karatu da ita, NF C 15-100, ta ce kada zubewar ta wuce kashi 3 cikin 100 ga fitilu, kashi 5 ga sauran kaya irin su inji. Kashi 5 na 220 bolt 11 ne. Waya mai kaurin 6 za ta zubar da 15, ba ta ci jarrabawa ba. Mai kaurin 10 za ta zubar da 9, ita ce taka. Na ga ka riƙe ƙirji, don ka san kuɗin mita 200 na mai kaurin 10. Saki ƙirjin ka ji sauran lissafin. Waccan siririyar tana mai da wat 360 zafi a hanya duk lokacin da famfo ke aiki, mai kaurin 10 kuwa wat 90. In ka yi ban-ruwa na awa 10, siririyar ta ƙona maka fiye da yunit 3 da rabi, kuma mita ta ƙirga su tsaf, don ita ba ruwanta da inda wutar ta ƙare. Kuɗi kake biya kana ɗumama wa tsuntsaye ƙafa.

Kun lura wannan lissafin bai bambanta sama da ƙasa ba. Rataye ko binne, siririyar waya siririya ce. Sai dai wanda ya rataya yana iya saukewa ya canza da yamma ɗaya, wanda ya binne kuwa sai ya sake tara ma'aikata. Don haka a ƙasa rowa ta fi tsada. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: in ba za ka sayi kaurin da ya dace ba, na roƙe ka kada ka binne, kada ka je ka ɓata mana suna a majalisa.

Kanawanmu na kasuwa, na ji kuna raɗa cewa akwai mai sauƙi a shagon wane. Ku da ba a raba ku da neman ragi ko a kuɗin likkafani. Akwai ta, ƙwarai. A jikin robar an buga 10, a ciki ba ta kai ba. Wata kuma ja ce a ido, in ka kankare da wuƙa sai fari ya bayyana, alminiyom ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Ku kankara kafin ku biya, ku ɗaga naɗin ku ji nauyinsa. Shi alminiyom na gaskiya, wanda bai yi ƙaryar asali ba, ba abin ƙi ba ne. Ya fi araha, kamfanonin wuta ma da shi suke aiki. Sharaɗinsa a ƙara kauri, inda jan ƙarfe zai yi da 10 shi sai 16, inda zai yi da 16 shi sai 25, kuma a haɗa bakinsa da irin maɗaurin da aka yi domin haɗa shi da jan ƙarfe, in ba haka ba wurin ya ci kansa a hankali.

Wannan ya kawo mu kan ɓarayi, hujjar da kuka fi ɗaga murya a kanta. Wai in an binne, dare ɗaya za a tone a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ku yi wa ɓarawo adalci mana, shi ma yana lissafi. Ga waya a rataye, filaya da minti goma sun ishe shi. Ga wata a ƙarƙashin ƙasar da ta yi damina biyu ta kame, sai ya zo da diga ya kwana yana sara kare na haushi. Wace zai zaɓa? Inda ta ƙasa take da rauni bakinta biyu ne, inda ta nutse da inda ta ɓullo, don daga nan ake yankewa a zare ta cikin bututu. A nan ake zuba siminti, a sa bututun ƙarfe, a kulle akwati. In kuma alminiyom ce, ɗan jari-bola ma raina ta yake yi a sikeli. Shawara ɗaya ta kyauta: kada a bar naɗin waya ya kwana a bakin buɗaɗɗen rami. Ranar da aka shimfiɗa, ranar za a rufe.

Ramin kansa ba wani sirri ba ne, gumi ne. Ƙa'idar ta ce zurfin santimita 50 a fili, 85 inda mota ke takawa. A gona ni ba na tsayawa a 50, saboda garmar shanu da ta tarakta, da kuma ruwan da ke zaizaye ƙasa kowace shekara. A kai 70 ko 80 a huta. A zuba yashi marar tsakuwa a ƙasa, a kwantar da bututu, a sake rufe shi da yashi. In an ɗora ƙasa kamar santimita 20, sai a shimfiɗa jar ragar roba ta gargaɗi, don wanda zai zo haƙa bayan shekaru ya ci karo da ja kafin ya ci karo da ajali. Ja ta wuta ce, shuɗiya ta ruwa, koriya ta wayar sadarwa, ruwan ɗorawa ta gas. In bututun ruwa zai bi rami ɗaya, a bar aƙalla santimita 20 tsakaninsu. A bar igiya a cikin bututun saboda gobe. Ramin mita 200 mai faɗin santimita 30 da zurfin 70, ƙasar da za ta fito mita kubik 42 ce, yashin da za a nema kamar 12. Yashi dai Binuwai ba ta taɓa yi mana rowarsa ba.

Sai dai ƙasar arewacin Kamaru ba ɗaya ba ce, kuma a nan ne littafin Faransa yake yin shiru, manomi ya karɓi magana. A tudun Garwa da kewaye, ba ka nisa kake cin karo da dutsen yashi ko marmara, wanda ya shiga haƙa a watan Maris zai san bai kyauta wa kansa ba. A jira ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa da sauran laushi, ruwa kuma ya daina cika rami. A karal kuwa, baƙar lakar da ake dasa masakwa, ƙasar numfashi take yi: ta kumbura da damina, ta dare da rani har hannu ya shige. Wayar da aka ja ta miƙe tsam a irin wannan wuri, ƙasa za ta yi ta jan ta tana saki har ta gaji. A ƙara yashi, a kwantar da ita da ɗan lanƙwasa, a bar mata sarari. Masu lambu a fadamar Binuwai kuma ku tuna inda ruwa ya kai a 2012, ku ɗaga akwatunanku sama da nan. Waya ta iya kwana cikin ruwa, akwati da makunni ba su iya ba.

Tunda na ambaci 2012, na ga 'yan'uwanmu na Yola da Numan sun gyara zama, za su ce mu fara riƙe ruwan dam ɗinmu na Lagdo tukuna kafin mu koya wa mutane binne waya. Allah ya jiƙan waɗanda ambaliya ta ci, a can da nan, don mu ma ta ci mu. Amma in zolaya ce, ku ba mu labarin dam ɗin Dasin Hausa da aka ce zai tare ruwan tun zamanin da ake gina Lagdo, tsakanin 1977 da 1982. Namu ya tsufa, naku bai yi rarrafe ba. Kuma ku da yaranku suke ihun murna in an kawo wuta, ku bar mu mu ji da namu duhun.

Ga inda zan sallama muku ba tare da ja-in-ja ba. Binne waya ba ya haifar da wuta. Lagdo megawat 72 aka gina shi ya bayar, injuna huɗu, shi ne uwa da uban wutar Garwa da Marwa da Ngaundere. Da ruwansa ya ja baya a 2021 kowa ya ɗanɗana rabon wuta, har aka kwaso injunan mai daga Ahala ta Yawunde aka kawo Djamboutou, daga baya aka kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Guider. Ranar da aka ɗauke, ta sama da ta ƙasa duk barci suke. Haka kuma in ta ƙasa ta lalace, gano wurin ya fi wuya, babu musu. Maganinsa a yi shi tun rami na buɗe: a ɗauki hoto da waya, a zana taswira a takarda, a auna daga abin da ba ya motsi kamar kusurwar gini ko bakin rijiya, a dasa bulo mai jan fenti a kowace kwana. A ajiye takardar tare da takardun gonar. Ba don kai ba, Alhaji, Allah ya ja kwana. Don ranar rabon gado, lokacin da 'ya'ya za su ja igiya kowa ya kira magini ya fara haƙa harsashi a inda ya ga dama.

Abu biyu kuma ba na wasa da su ko a cikin wasa. Daga turken kamfani zuwa mita, hurumin kamfanin wuta ne, ba naka ba. Duk wannan zance daga bayan mita yake farawa. Wanda ya ji "binnewa" ya fara tunanin yadda zai zagaye mita ta ƙarƙashin katanga, ba da shi nake ba, kuma in an kama shi kada ya ce a Poumpoumré ya ji. Na biyu, a farkon layin a sa makatsin da ke yanke wuta da kansa in ta fara zurara, mai miliamfiya 30, a ja wayar ƙasa mai launin kore da ruwan ɗorawa har wurin famfo, a kafa sandar ƙarfe a ƙasa mai danshi. Rijiya wuri ne da mutum ke tsayawa ba takalmi, hannu a jiƙe, yana riƙe da ƙarfe. A kira wanda ya koyi aikin ya haɗa bakin, ya gwada da na'ura kafin a rufe rami. Ɗan ƙanwarka da ya iya canza ƙwan fitila a ba shi shebur.

Hajiya ta yi shiru tun ɗazu, yanzu ta ɗaga hannu: ita rijiyarta ta fi rabin kilomita daga hanya, in mita 200 sun ci kaurin 10, nata fa? Hajiya, ke kin kayar da ni, kuma da lissafina kika yi. A mita 600, famfo iri ɗaya, zubewar ta ninka uku, kina neman kaurin 25 zuwa 35 na jan ƙarfe, ga rami na sati da sati. A irin wannan nisa, in ba layi uku za ki nema daga kamfani ba, ki kai faranti mai zuƙar rana bakin rijiyar, ki sa famfon da aka yi dominsa, ki gina tanki a sama ya tara ruwa da rana ki sha da dare. Rana dai a Garwa ba a taɓa yin rabonta unguwa-unguwa ba. Kada dai sauran ku yi saurin tafi, don tsakanin farantin da rijiyar, da tsakanin rijiyar da ɗakin kaji, akwai 'yar tafiya ta mita 20 ko 30, kuma na ga Alhaji har ya fara waige-waigen reshen darbejiya. A miƙo masa diga.